Tsohuwar Iska a Ƙirjin Mai Algaita

Kwanan baya aka yi biki a lungunmu, nan cikin Daura. Suka kawo lasifikoki manya kamar akwatunan lefe, suka jingina su da katangar gidana, ba wanda ya ce mini ko sannu. Wani saurayi ya zauna da waya a hannu yana latse-latse, shi ke nan wai kiɗa. Ana tsakiyar rawa sai mai ya ƙare a janareta. Komai ya mutu lokaci guda, mata suka tsaya da hannuwa a sama suna kallon juna. Ina zaune a kan babur ɗina ina cin gyaɗa, na yi dariya har na ƙware. Ba mugunta ba ce. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne, a gidan da na tashi, sauti ba ya mutuwa sai mai shi ya ga dama.

Mu masu busa ne, gadon gidanmu algaita. Ƙauyenmu yana can gefen Dutsi, kuma tun kakan kakana mu ke busa a ƙofar gidan mai gari. Idan na rufe ido, safiyar gidanmu nake ji kafin in gan ta. Inna tana daka, taɓarya na faɗawa turmi, ita kuma tana sakin wani ɗan nishi a kowace saukarwa. Awaki na kuka a ɗaure. Baba yana zaune a kan buzu bayan ya dawo masallaci, ya sa ɗan karan bakin algaita a cikin bakinsa yana jiƙa shi da miyau, ba ya magana da kowa sai karan ya yi laushi. Aikina shi ne in shafe fatar jikin algaitar da man shanu don kada ta tsage, in je fadama in yanko kara, in jera su a inuwa su sha iska. Idan na kawo guda ashirin, zai zaɓi ɗaya ya watsar da sauran ba tare da ya dube ni ba. Ni ne ɗan fari, saboda haka ba ya kiran sunana, ba ya taɓa ni, ba ya yaba mini. "Kai" ne sunana a bakinsa, idan kuma da mutane a wurin, "wancan". Yaran yanzu uba na ɗaukarsu hoto yana sumbatar goshinsu. Ban ce laifi ba ne. Mu dai ba haka muka tashi ba.

Kumatun Baba abin kallo ne. Idan yana busa sai su kumbura su fi kansa faɗi, su yi sheƙi, idan ya sauke kuma su zubo kamar salkar da aka juye. Yara na tsokanata da ɗan mai kumatu, ina dukansu, amma a raina ina jin daɗi. Abokin aikinsa mai ganga, wanda muke kira Kawu, taubashinsa ne, kuma ba su taɓa gaisawa da mutunci ba.

"Mai kumatu, yau ma iska ka karya da ita?"

"Kurma, da kana ji da na amsa maka."

Abin da mutane ke mamaki a busar Baba shi ne ba ta yankewa. Zai fara tun daga bakin kasuwa har ƙofar gidan biki, sautin na hawa na sauka, amma babu inda za ka ce ga wurin da ya tsaya ya ja numfashi. Wasu na cewa asiri ne. Babu asirin komai. Ƙwarya ce da ruwa. Shi da karan ciyawa aka koya masa, ni kuwa da bututun biro. Za ka sa bututun a ruwa ka hura, kumfa na tasowa, sai ka tara iska a kumatu ka matsa ta da su, a daidai lokacin ka saci sabuwa ta hanci. Kumfar kada ta tsaya. Na sha ruwan ƙwaryar nan ta hanci har ba adadi, Inna na daga bakin murhu tana dariya a ɓoye.

Wata rana ya zaunar da ni a gindin darbejiyar tsakar gida. Da kara yake nuna cikina, tun da ba zai sa hannu ba.

"Kai, ɗora hannunka nan. Ja numfashi. Me ka ji?"

"Ciki ya taso."

"Wa ya taso da shi?"

"Ni."

"To saki. Wa ya mayar da shi?"

Na sake gwadawa, na ce, "Shi ya koma da kansa."

"To ka gani. Ga kowane ɗan Adam, ja shi ne aiki, saki hutu ne. Jaki ma haka yake. Mu kuwa da muka ɗauki wannan abu, an juya mana. Sakin shi ne aikinmu, shi mutane ke ji. Jan kuma sata muke yi, kada kowa ya gani."

Ya sa na hura a tafin hannuna, na ji ɗumi. Ya sa na buɗe baki na zuƙa, na ji sanyi a haƙora. Ya ce wadda ta shiga da wadda ta fito ba iska ɗaya ba ce, ta shiga a bushe da sanyinta, ta fito da zafi da laima, ta bar abin da ta kawo ta kwashe abin da ta tarar. Shi ya sa idan ya gama busa yake kifa algaita ya girgiza, ruwa ya ɗiga a ƙasa. Ya ce in lura, duk abin da mutum ke yi wa mutane da baki, a kan fitarwa yake yin sa: magana, dariya, karatu, kiran salla, har zagi. Babu ladanin da ya taɓa kiran salla yana zuƙa. Abin da ake ji a kan ja kuwa, daga shessheƙar kuka sai minshari. A lokacin ban ɗauki maganar da wani nauyi ba. Hankalina na wurin abokaina da ke jirana mu tafi harbin kurciya.

Satar iska ta hanci na iya ta tun ban yi gemu ba. Abin da ya gagare ni daban ne, kuma sai wanda ya taɓa sa algaita a baki zai gane. Ƙofar karan nan ƙarama ce ƙwarai, iskar da ke wucewa ta cikinta kaɗan ce. Kana busa, kana jan sabuwa ta hanci, amma ta ciki ba ta ƙare ba. Tana nan zaune a ƙirji tana tsufa. Can sai ka ji kamar ana shaƙe ka, jikinka ya ce maka iska ka rasa, sai ka ƙara ja. Kana ja kana ƙara cika, har idonka ya yi duhu ka cire algaitar kana haki. Gwani yakan saki tsohuwar ta hanci yana cikin busa, kumatu na riƙe da sauti, sannan ya ɗauki sabuwa. Ni kuwa duk lokacin da na zo sakin sai tsoro ya kama ni. Yaya mutumin da ake shaƙewa zai zubar da iskar da ke gare shi? Sai in ja.

"Ka cika ci," in ji Baba. "Ba iska ka rasa ba, wurin sa ta ka rasa."

Ya faɗa ya gaji, ya daina faɗa.

Sannan aka ƙaddamar da Shari'a. Ni ma na je taro, na yi kabbara har muryata ta dushe, kuma yau ma ban yi nadama ba. Amma abin ya shigo har tsakar gidanmu. A yankinmu aka daina kiɗa da busa a wurin biki, saboda cakuɗuwar maza da mata. Ranar da labarin ya tabbata, Baba bai ce komai ba sai, "Malamai sun fi ni sani." Ƙofa ɗaya ta rage mana, ita ce ta mai gari, inda yake busa da safiyar Juma'a. Ni na riga na zama saurayi mai neman aure, na ga busa ba za ta ciyar da mace ba, na karɓi babur na shiga kabu-kabu a hanyar Mashi. Baba bai hana ni ba, bai kuma sa albarka da baki ba. Na tuna wani lokaci da na yi jinyar zazzaɓi babur ɗin ya daɗe a jingine, da na warke ya ƙi tashi. Na kwance kafireta na wanke, na sake wankewa, a banza. Na tura shi har shagon wani Ibo da nake sayen kaya a wurinsa a Daura. Ya zagaya baya, ya zura waya a salansa, bututun da hayaƙi ke fita, ya zaro laka. Zanzaro ne ya yi gini a ciki.

"Aboki," ya ce yana dariya, "kana ta ba shi abinci, shi kuwa bayan gida yake nema."

Na yi dariya na hau na tafi. Ko kaɗan ban haɗa wannan da maganar Baba ba. Haka kaina yake.

A waɗannan shekarun ƙirjin Baba ya fara lalacewa. Iska na shiga, amma fitarta sai da kokawa, da wani siririn fito kamar na buta a kan wuta. Ƙirjin ya kumbura ya tsaya a sama. Idan abin ya taso masa, Inna ta ɗauko mafici tana fifita tana cewa, "Ja numfashi, Malam, ja." Shi kuma ya harare ta, da ƙyar ya ce, "In sa shi a ina?" Sai ya tsuke leɓe kamar mai hura koko, ya riƙa fitar da ita a hankali, a hankali, har ta lafa. An kai shi asibiti, sun ba shi abin fesawa a baki, yana taimakonsa. Busar Juma'a kuwa ta koma gajeruwa, ya yi kaɗan ya sauke. Tsohon mai gari abokinsa ne, bai taɓa nuna ya lura ba.

Da tsohon mai garin ya rasu aka naɗa ɗansa. A garinmu akwai al'ada. Idan sabon mai gari ya dawo daga naɗi, zai sauka a gindin tsamiyar bakin gari, ya tako da ƙafa har zauren ubansa, algaita na gabansa, kuma ba za ta yanke ba sai ya zauna. Tsofaffi na cewa idan ta yanke, zamaninsa ma zai yi ta yankewa. Camfi ne, na sani, amma kunyar da za a ji ta gaskiya ce. Wasu samari suka ce a bar abin gaba ɗaya, zamani ya wuce shi. Liman ya ce tun da babu rawa, babu mata a ciki, shi bai ga abin hanawa ba. Sai sabon mai gari ya aiko aka kira Baba, ni na kai shi a babur, na tsaya daga bakin zaure ina ji.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Idan za ka iya, a yi yadda aka yi wa mahaifina. Idan ba za ka iya ba, ka faɗa mini, a bar shi. Ba zan ɗauko mabushi daga wani gari ba. Amma idan aka bari, an bari ke nan, har ta Juma'ar."

"Ranka ya daɗe, za a yi."

Da muka koma gida ya sauko da algaita ya gwada a tsakar gida. Bai kai ko daga ɗaki zuwa zaure ba tari ya sarƙe shi. Kawu na zaune da gangarsa a gefe, wannan karon bai yi tsokana ba, ya sunkuyar da kai yana gyara tsirkiyar da ba ta lalace ba. Baba ya huta, ya dubi Inna, ba ni ba.

"Ki gaya wa wancan ya jingine babur."

Kwanakin da suka rage na yi su a bayan gari ina busa wa gonaki. Sautina ba laifi, yatsuna ba su manta ba. Amma kullum sai in kai wani wuri in cika, duhu ya rufe ni, in cire. Na auna da idona, iyakar ƙoƙarina ba ta wuce rabin hanyar tsamiya zuwa zaure ba. Na gaya wa Kawu. Ya ce, "To ka mutu a tsaye mana, ai an fi tuna irin wannan." Daga baya ya ce idan ya ji ina rawa zai ƙara wa ganga ƙarfi, ko Allah zai sa a kasa ganewa. Mu duka mun san za a gane.

Ranar ta zo da hantsi mai zafi. Aka shirya Baba zai jira a zauren mai gari, don tafiyar ta fi ƙarfinsa. Mota ta tsaya a gindin tsamiya, mai gari ya sauko da sabon rawani, dattawa suka kewaye shi. Samarin da suka ce a bari suna tsaye a gefe sun harɗe hannu. Kawu ya buga, na yi bisimilla a zuci na ɗora. Sautin ya fita tas, har ni ya ba ni mamaki. Muka wuce rijiya. Muka wuce makarantar allo, yara suka biyo mu. Ina satar iska ta hanci yadda na saba, komai na tafiya daidai, har na fara jin kaina.

Daidai rumfar mahauta, a rabin hanya, abin ya zo. Ƙirjina ya yi tauri kamar an cusa dutse. Na ja ta hanci, babu abin da ya shiga. Na sake ja. Gefen idanuna ya fara baƙi, ƙafafuna suka yi nauyi, na ji sautin ya fara karkarwa. Kawu ya ƙara ƙarfi kamar yadda ya yi alkawari. Na hango zauren can nesa, ƙarami. A raina na ce shi ke nan, a bakina abin kakannina zai mutu, a gaban mahauta da ƙudaje.

Sai na ji hannu a haƙarƙarina na hagu. Busasshen hannu, mai zafi. Ban iya juyawa ba, amma na ji fiton nan na buta a kusa da kunnena, na san ko wane ne. Ashe bai zauna a zaure ba. Ya lallaɓo ta bayan gidaje ya tsaya a rumfar mahauta, don ya san iyakata, ya san a nan zan cika.

"Saki," ya ce, kalma ɗaya-ɗaya, don numfashinsa bai isa jimla ba. "Ta hanci. Kumatu na riƙe."

Ya matsa hannun. Jikina gaba ɗaya yana cewa kada in yarda. Amma tunda aka haife ni mutumin nan bai taɓa sa mini hannu a gaban jama'a ba, kuma ina jin mamakin wannan ne ya fi tsoron ƙarfi. Na cika kumatu, na saki. Iska mai zafi ta fito ta hancina ta sauka a kan leɓena, mai yawa, kamar ba za ta ƙare ba. Sautin bai motsa ba. Da ƙirjin ya yi fanko, ya ɗaga hannun kaɗan, sai sabuwa ta faɗo ciki. Ban ja ta ba, wallahi, ita ta shigo, da sanyinta, har cikin kaina. Duhun ya washe. Na ga rawanin dattawa fari fat, na ga wani mahauci ya tsaya da wuƙa a hannu yana kallonmu.

Haka muka ƙarasa. Yana tafe a gefena yana jan ƙafa, hannunsa bai bar haƙarƙarina ba. Idan ya matsa in saki, idan ya sassauta in ɗauka. Wajen ƙarshe na lura ya daina matsawa, hannun yana nan kawai, ni ke yi da kaina, kuma nauyinsa ya dawo kaina, ni nake riƙe da shi. Mai gari ya shiga zaure ya zauna a kan shimfiɗar ubansa. Na ja sautin na ƙara masa tsawo kaɗan, don masu harɗe hannu su ji da kyau, sannan na sauke don na ga dama.

Baba ya zame ya zauna a dakali, ya tsuke leɓe yana fitar da tasa iskar. An daɗe kafin ta lafa. Kawu ya tsuguna a gabansa yana share gumi.

"Mai kumatu, ashe da hannu ma ana busa?"

"Kurma, wa ya gaya maka an yi busa?"

Ya miƙo hannu na ba shi algaitar. Ya kifa ta ya girgiza, ruwa ya ɗiga a ƙasa ya yi ɗan tabo. Ya daɗe yana kallon tabon. Sannan ya miƙo mini ita, ya kira sunana, sunan yanka, a gaban Kawu da duk wanda ke wurin, ya ce, "Riƙe. Juma'a da wuri ake zuwa." Da labari ya kai gida, Inna ta rufe fuska da mayafi ta ce tsohon nan ya zubar da kunya. Ban sake jin sunana a bakinsa ba har ya bar duniya, kuma ban nema ba. Sau ɗayan ya ishe ni.

Ina wurin ranar da ya cika, da rana, bayan azahar. Ɗaki ya cika da 'yan uwa, wata gwaggona na ta cewa ya daure ya ja numfashi. Ni kuwa na ɗora hannuna inda ya taɓa ɗora mini nasa. Ya yi kalmar shahada a kan fitarwa, kamar yadda ya ce ana yin duk maganar kirki. Iskar ƙarshen ta fita doguwa, a hankali, ba tare da fiton nan ba. Allah ya jiƙansa.

Yanzu na dawo Daura da zama, ina nan ina fama da babur, gwiwoyi sun gaji, baya ya gaji. 'Ya'yana maza babu wanda ya taɓa tambayata yadda ake jiƙa kara. Na sa wa babban ƙwarya da bututu sau ɗaya, ya dube ni kamar na ce ya ci ƙasa. Ban matsa ba. Bukukuwa sun dawo da kiɗa, amma na waya ne, ba mai neman mu. Duk da haka kowace Juma'a ina ɗaure algaita a baya in kama hanyar Dutsi, kuma ba a taɓa cewa ta yanke a bakina ba. Idan Salla ta zo, mai gari kan sa in tako gabansa daga tsamiya zuwa zaure, don yana son tuna ranar. Rumfar mahauta an rushe ta, an yi shagon cajin waya a wurin. Amma ina isa daidai nan sai haƙarƙarina na hagu ya tsaya yana jiran hannu. Ba ya zuwa. Sai in saki da kaina, in wuce.